'Yar Ƙofar da ke Gaban Na'urar DVD



A yawancin gidajenmu na zango, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, akwai wani baƙin akwati mai faɗi kwance a ƙarƙashin talabijin. Ƙura ta lulluɓe shi, wani gidan ma an ɗora masa kwanon goro ko carbin mai gida. Na'urar DVD ce. Tirenta ya daɗe bai buɗe ba, domin sabon faifai ya yi wuyar samu a kasuwa, na gida kuma duk sun karce. Amma in mutum ya duba gabanta da kyau zai ga wata 'yar ƙofa da ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba, wadda ake cusa wa filashi, abin nan da mu a Gana muka fi sani da pendiraib. A kan wannan 'yar ƙofa nake son mu tattauna yau. A ganina darajarta ta zarce yadda muka ɗauke ta, kuma in muka bari ta tafi ba tare da mun lura da abin da take riƙe mana ba, za mu tafka asarar da ba za mu ankara da ita ba sai bayan shekaru.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. An aurar da jikar ƙanwar mahaifiyata a Kano, ciwon ƙafa kuma ya hana Hajiya tafiya. Bayan biki aka turo mana bidiyon ta waya. Ɗan ƙanena ya juye shi a filashi, Hajiya ta aika aka kira ƙawayenta na cikin unguwa, aka shimfiɗa tabarmi a falo bayan sallar isha'i. Na'ura ta nuna sunan bidiyon, aka danna rimot, sai fuskar talabijin ta yi baƙi, wani ɗan rubutun Turanci ya fito yana cewa ba ta san wannan irin fayil ba. Aka sake, aka sake, shiru.

Yaron ya ce, “Kaka, ai wannan na'urar ta gama yayi. Karɓi wayata ki kalla.”

Hajiya ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da ido, ta nisantar, sannan ta miƙa masa abarsa. Ta ce, “Ɗan nan, ni kaɗai zan je bikin? Su waɗannan da na tara fa, su zuba wa ƙeyata ido?”

Washegari na kai filashin wurin wani saurayi mai gyaran waya, ya sauya wa bidiyon tsari a kwamfutarsa cikin ɗan lokaci. A daren nan aka kalle shi daga farko har ƙarshe, aka kuma maimaita. Hajiya ce mai sharhi. Ta sa a tsayar da hoto ta nuna wa jikoki ƙanwar kakarsu, wadda ba su taɓa gani ba. Ta faɗa musu wane ne ɗan wane, wace ce ta shayar da wace. Da aka zo kan kamu da sa lalle, wata daga cikin tsofaffin ta ce a nasu zamanin ba haka ake yi ba, gardama ta kaure cikin raha. Wata ƙaramar yarinya ta ji an ce za a kai gara, ta tambayi mene ne gara, aka yi mata bayani. Bidiyon na awa ɗaya da rabi ne, amma mun yi fiye da awa uku a kansa. A wannan zama ɗaya yaran gidanmu suka ji Hausar da ba su ji ba cikin wata guda, suka kuma tashi da sanin danginsu.

Wannan shi ne abin da nake karewa: kallo tare. Baƙin akwatin ƙarfe ne da roba kawai, ba ni da wata soyayya da shi. Amma a gidaje da yawa na zango shi ne hanya mafi araha da ta rage wadda za ta tara kaka da jika a gaban hoto ɗaya, su ji magana ɗaya a lokaci ɗaya.

Kowa a cikinmu ya san halin da harshenmu ke ciki a nan. Yaronmu yana karatun boko da Turanci, a titi da kasuwa yana jin Tuwi ko Ga ko buroka. Gidan rediyon gwamnati yana da shirye-shiryen Hausa, amma Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati. Abin da ya riƙe ta shi ne gida, da masallaci, da makarantar allo, da kasancewarta harshen da ya haɗa Bahaushe da Badagombe, da Bawangare, da Kotokoli, da Bazabarme, da Bafulatani a cikin zango ɗaya. Wannan babbar daraja ce, kuma Hausar zango Hausa ce, ba mai kunyata mu da ita. Sai dai harshen da ya zama na cinikayya tsakanin ƙabilu yakan zubar da wasu kayansa a hanya don ya yi sauƙin ɗauka. Shi ya sa za ka ji yaro ya ce “ya zo” ko da mace ce ta zo, ko ya kasa bambanta kafa da ƙafa, ko a yi masa karin magana ya tsaya yana kallon bakin mai yi. Wanda bai ji harshe da faɗinsa ba ba zai yi shi da faɗinsa ba. Dole a samu inda yaron zai riƙa jin Hausa cikakkiya, mai zaurance da habaici da barkwanci, kuma a samu babba kusa da shi da zai warware masa abin da ya shige masa duhu.

Ba yau aka fara kawo mana Hausa daga nesa a cikin kaya ba. Fataken goro da suka riƙa bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sun zo da takardu a gafakarsu, ana kwafarsu da hannu daga malami zuwa almajiri. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, ya rasu a 1934 ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajamin Hausa. Daga baya rediyo ta zo. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, dattawa suka riƙa zagaye akwati ɗaya da asuba da almuru. Sannan kaset ɗin murya ya shigo da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da tafsirin malamai. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin bidiyo ya biyo motocin Legas da na Lome. Manyanmu ba su manta yadda gidan da ke da bidiyo yakan cika ya tumbatsa ba lokacin da Sangaya da Wasila suka iso, yara na leƙe ta taga. Kaset ya ba faifan CD wuri, wanda fim ɗaya kan zo a kansa kashi biyu, CD ya ba DVD wuri, DVD kuma ya ba filashi. Kayan ɗaukar yana canzawa yana ƙara ƙanƙancewa, amma a duk waɗannan matakai abu ɗaya bai canza ba: jama'a ake tarawa a ji ko a gani.

Wayar hannu ce ta fara karya wannan al'ada. Ba na zagin waya, da ita nake rubuta wannan. Amma dubi falonmu da daddare: mutum shida, fuska shida a sunkuye, kowa da abin sauraro a kunne. Yaron da ke kallo shi kaɗai ba ya tambayar kowa ma'anar kalmar da bai gane ba, sai dai ya goge da yatsa ya wuce zuwa wani bidiyon, kuma ba shi ke zaɓen na gaba ba, manhajar ce ke zaɓa masa, mafi yawa da Turanci. Tsohuwar da idonta ya raunana kuwa an bar ta a baya gaba ɗaya. Ga kuma batun kuɗi. Kallon shiri ta intanet data yake ci duk lokacin da aka kalla, kuma in mutum huɗu ne a gida kowa da wayarsa, sau huɗu za a biya. Abin da ke cikin filashi kuwa sau ɗaya ake sauke shi, a kalla yau, a kalla gobe, a ara wa maƙwabta, ko da sabis ko babu. Gaskiya ne in aka ɗauke wuta na'urar ta zama gunki, waya kuma tana da batir. Wanda ya rayu a shekarun dumso ba sai an tuna masa ba. Amma ɗaukewar wuta ba ta taɓa sa mun jefar da firji ba.

Abin da ke sa mutane da yawa su yanke ƙauna daga na'urar shi ne irin abin da ya same mu a daren farko: a sa filashi ta ƙi. Sai a ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Rashin sani ya fi dare duhu, don haka bari in ɗan yi bayani, domin yawancin matsalar daga wurare biyu take fitowa.

Na farko shi ne tsarin filashin kansa. Kowane filashi yana da yadda aka tsara cikinsa, kamar yadda ake yanka fili a fitar da layuka kafin a yi gini. Yawancin na'urorin DVD tsarin da ake kira FAT32 kaɗai suka sani. Manyan filashi na yanzu, waɗanda suka haura giga 32, galibi da tsarin exFAT suke zuwa, manyan ma'ajiyoyin kwamfuta kuma da NTFS, tsohuwar na'ura kuwa ba ta karanta ko ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa ɗan ƙaramin filashi mai giga 8 ko 16 yakan yi aiki inda babba mai tsada ya gaza. Ana iya mayar da filashi tsarin FAT32 a kwamfuta, amma a yi hattara: wannan aiki yana goge duk abin da ke ciki, saboda haka a kwashe kaya tukuna. A kuma sani cewa FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. In bidiyo ya kai haka sai a raba shi ko a rage masa nauyi. Babbar ma'ajiya mai igiya kuwa wani lokaci ba tsari ne matsalarta ba, wutar da 'yar ƙofar ke bayarwa ce ba ta isa ta juya ta ba.

Na biyu shi ne tsarin bidiyon. Haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su MP4 ko AVI, kamar kwano ne. Abin da aka zuba a ciki daban. Kwanon sha ɗaya zai iya ɗaukar koko yau, gobe ya ɗauki fura. Tsofaffin na'urori sun san MPEG-1, wanda ke kan faifan CD na bidiyo, da MPEG-2 na faifan DVD, da yawansu kuma sun san DivX da Xvid, waɗanda aka fi zubawa a AVI. Wayoyin yau kuwa da H.264 ko H.265 suke ɗaukar hoto su zuba a MP4. Ko da an rubuta MP4 a goshin na'urarka, sau da yawa tsohon nau'in take nufi, ba na waya ba. Ga kuma girman hoton: DVD irin na yankinmu ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye yake nunawa, waya kuma takan ɗauki 1920 da 1080 ko fiye. Kamar a ce za a shigar da gadon amarya ta ƙofar akurki ne. Maganin shi ne a juya bidiyon zuwa AVI mai Xvid, a rage faɗinsa zuwa 720 ko ƙasa. Akwai manhajojin kwamfuta na kyauta masu yin wannan, kuma samarinmu masu gyaran waya da masu turi sun iya. Canza sunan fayil kawai daga MP4 zuwa AVI ba ya yin komai, kamar yadda rubuta “zuma” a jikin kwalbar manja ba ya sa ta zaƙi.

Sauran 'yan dabaru ne. A taƙaita sunayen fayil, domin na'urar takan datse dogon suna. In shiri mai dogon zango ne a sa lamba a farko, 01, 02, 03, don kada kashi na goma ya riga na biyu. Kada a cusa jaka cikin jaka cikin jaka. Kada a fizge filashi daga kwamfuta ana tsakiyar juye. A kuma yi hankali da filashin bogi, wanda aka rubuta masa babban adadi alhali cikinsa ƙarami ne: za ka ga sunayen fina-finai sun jeru, ka buɗe ka tarar rabinsu fanko. Wanda ya kiyaye waɗannan, na'urar da ya yi niyyar zubarwa za ta iya ƙara masa shekaru.

Na san abin da wasu za su ce: ai sababbin talabijin da dikoda ma suna da wannan ƙofa, kuma sun fi gane bidiyon waya. Haka ne, kuma wanda Allah ya hore wa ya saya, madalla. Hujjata tana nan a kan kowace na'ura da za ta fito da hoto a bango inda kowa zai gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa talaka ya ji kunyar abin da yake da shi, ya ajiye mai aiki ya zauna jiran wanda bai da kuɗinsa, kafin nan kuma kallon gida ya mutu. Duk wanda ya taɓa bi ta Agbogbloshie a shekarun da ake ƙona wayoyin lantarki a can don a ciro tagulla ya san inda kayan da muke zubarwa ke ƙarewa, ya kuma san 'ya'yan wa ke shaƙar hayaƙin. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Filashi da katin memori suna cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai a Kano. A da mai shirya fim yakan buga faifai, dillalan Ƙofar Wambai su saya su rarraba, kuɗi ya koma hannun wanda ya zuba jari. Da turi ya zo, mutum ɗaya ya samu fim ya juye wa ɗari, ɗarin nan su juye wa dubu, mai shi bai ga ko kwabo ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu sana'ar suka karkata zuwa shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Amma ko a YouTube, abin da mai shiri ke samu ya dogara ne ga yawan masu kallo da tallan da ke biyo su. In mai turi ya sauke kashi ɗaya na Labarina ko Izzar So ya juye wa unguwa guda, kallo ɗaya aka lissafa wa mai shi. Mu da muke cewa muna son Hausa ta rayu, muna cin guminsu ba tare da mun biya ba. Kuɗin da muke ba mai turi ladan juyewa ne, ba kuɗin fim ba. Haƙƙi ne, kuma nisan Kumasi da Kano ba ya sauke shi daga wuyanmu.

To mene ne abin yi? Ba zan yi kamar akwai shagon da ke sayar da halastaccen kwafi a kowane lungu na zango ba. Amma rashin shago ba ya nufin rashin hanya. Wanda ke da data ya riƙa kallon shirin a tashar mai shi, ko da sau ɗaya ne, ya bi tashar, ya bar tallan ya wuce. Samarinmu masu turi, waɗanda su ma abinci suke nema, su haɗa kai su nemi masu shirya fina-finan kai tsaye, su nemi izini a kan wani abu da za a riƙa biya. A zamanin da ake tura kuɗi ta waya cikin ƙiftawar ido, wannan ba abin gagara ba ne, kuma ina kyautata zaton mai fim zai fi son ɗan abin da ya shigo daga Gana a kan babu. Ƙungiyoyin matasan zango da sarakunanmu za su iya shiga tsakani. Kafin nan kuma, ba fim kaɗai ake sa wa a filashi ba. Akwai karatu da wa'azin da masu shi suka yi don a yaɗa, akwai bukukuwanmu da hawan sallarmu da walimar saukar 'ya'yanmu, waɗanda ba mai haƙƙi a kansu sai mu.

Suka ta uku daga iyaye take fitowa, masu cewa fina-finan nan ba tarbiyyar Hausa suke koyarwa ba, rawa da waƙa ce irin ta Indiya. Ba yau aka fara wannan ƙorafi ba. Ko a Kano an kafa hukumar tace fina-finai tun 2001. Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma wuce gona da iri. Amma ko mun yarda da ƙorafin gaba ɗaya, shi ma hujja ce ga kallon falo. Fim mai aibi da aka kalla gaban uwa, ta ce “wannan ba ɗabi'ar 'yar mutunci ba ce”, ya zama darasi. Wannan fim ɗin dai, in yarinya ta kalle shi ita kaɗai a ƙarƙashin bargo, ba mai ce mata komai. Inda muke kuskure shi ne mu ba yaro filashi da 'yan sidi mu ce ya je a cika masa. Mai turi zai zuba abin da ke gabansa, mai kyau da maras kyau, wani lokaci har da abin da ba a faɗa, ga kuma ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓoye jakunkuna ta bar inuwarsu. Ba ma aika yaro kasuwa mu ce ya sayo duk abin da ya gani a zuba a tukunya. Babba ya zaɓa da sunansa, ya kuma duba kafin a kunna wa iyali. Wannan iko na zaɓe shi ne babban fifikon filashi a kan intanet: abin da ka sa a ciki shi kaɗai zai fito.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi damuna. Kada mu ɗauki filashi a matsayin rumbu. Abin ɗauka ne, kamar ƙwarya. Yana ɓata a aljihu, yana shiga ruwan wanki, yana mutuwa ba sallama, kuma in aka ajiye shi shekaru ba a taɓa ba abin da ke ciki yana iya lalacewa. Gidaje nawa ne a yau bidiyon auren iyayensu ke kan kaset ɗin da ya yi fumfuna, ko faifan da ya ƙi karantuwa? Waɗanda ke cikin hoton da yawa sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu wani wuri a duniya da muryarsu ta saura sai nan. Wanda ke da irin wannan kaset ko faifai ya gaggauta a juye masa shi tun ana samun injin da zai karanta. Duk bidiyon iyali kuma a yi masa kwafi uku aƙalla, a ajiye a gidaje daban-daban, a riƙe na asali mai cikakken hoto, a ba na'urar falo wanda aka rage. A sa masa suna da shekara yadda jika zai gane. Rubuce-rubucen Alhaji Umaru sun iso gare mu ne saboda hannaye da yawa sun kwafe su, har masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi gari-gari suna tattara irinsu a shekarun 1960. Abin da ke hannu ɗaya, ranar da hannun ya saki ya tafi.

Sannan mu daina zama masu karɓa kawai. Kowace waya a yau kyamara ce. A cikin kowane zango akwai tsohon da ya san ta wace hanya kakansa ya shigo ƙasar nan, wa ya fara kafa bukka a unguwar, wane malami ya buɗe makarantar farko, yadda aka yi zaman ɗar-ɗar a 1969 lokacin da aka ba baƙi wa'adin barin ƙasa. Akwai tsohuwar da ta san tatsuniyoyi da waƙoƙin daɓe da na reno waɗanda ko a Kano an fara mantawa. A zauna da su, a nemi izininsu, a ɗauka, a juya shi yadda na'urar gida za ta karɓa, a kunna musu su ga kansu a talabijin tare da jikokinsu. Wannan kaya ba mai turin da ke da shi, ba kuma za a taɓa turo mana shi daga wani wuri ba. In ba mu ɗauka ba, ba wanda zai ɗauka.

Roƙona ƙarami ne. A kakkaɓe ƙurar na'urar nan, a nemo rimot ɗinta a sa masa batir, a sayi ɗan filashi mai giga 16 a keɓe shi don gida. A ware dare ɗaya a mako, bayan isha'i, a ajiye wayoyi a gefe. A ba tsofaffi kujerar gaba, a ba su ikon cewa “tsaya nan”. In yaro ya yi tambaya a amsa masa da Hausa, in ya yi dariya a wurin da ya kamata a yi dariya, to a gode wa Allah, harshen ya shiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hajiya dai yanzu filashin bikin nan yana ƙulle a bakin zanenta tare da makullin akwatinta. Na gaya mata akwai kwafi biyu a wasu gidajen, ta ce duk da haka nata nata ne. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ga amarya kafin ta tafi.

Allah ya raya mana zuri'a bisa harshenmu da addininmu, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana zango, ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk wanda muka ci guminsa. Wassalamu alaikum.